Karen da na ɗauko ba ya kula kowa, yaya zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan na ɗauko wani kare da maƙwabcinmu ya tashi ya bari a Tudun Wada, nan Gombe, don ya riƙa yi mana gadi. Amma in na kira shi ko waiwayowa ba ya yi, sai ya shige ƙarƙashin mota. In an dube shi kuma ya kau da kai. Taurin kai ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tausaya masa. Tsoro ne yake damunsa. Karen da ya sha jifa da kora a waje ya riga ya ɗauka duk idon da ya sauka a kansa dutse ne zai biyo baya, shi ya sa yake kau da kai don neman zaman lafiya.

Kafin komai ka kai shi asibitin dabbobi. A yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa kuma ake maimaitawa duk shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki duk wata 3, a cire masa kaska. Ka roƙi likita ya leƙa kunnuwansa, domin kunnen da ya yi ƙwari ko ruwa yana rage ji. Kafin nan kada yara su taɓa shi. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, a killace karen kwana 10 ana lura da shi.

To, sai horon. Ka dafa hantar saniya ba gishiri ba albasa, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada ka yi amfani da kilishi ko tsire, yaji da albasa suna cutar da kare. Da sassafe kafin ya ci abinci, ka zauna a kan turmi ko benci kamar taku huɗu daga inda yake, ka ba shi gefen jikinka, kada ka zuba masa ido. Ka yi shiru. Da zarar ya ɗago ya dube ka, ko da na ƙiftawar ido ne, ka ce "yauwa!" ka jefa masa hanta ɗaya. Jefawar tana da amfani biyu: bai ga hannu ya nufo shi ba balle ya firgita, kai kuma yawunsa bai taɓa hannunka ko kayan sallarka ba.

A nan mutane ke yawan kuskure. Tsakanin kallon da ladan kada ya wuce daƙiƙa 2. In ka tsaya laluben aljihu har ya sunkuyar da kai, to sunkuyarwar ka saka wa. Minti 3 zuwa 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana, safe da bayan la'asar, musamman a zafin Maris da Afrilu da kare ke haki ba ya sha'awar abinci.

Sai ya fara dubanka da kansa za ka shigo da suna. Mun fi son ka raɗa masa sabo, gajere kamar Duna, don wataƙila tsohon ya saba jin sa tare da bulala. Kira ɗaya tak. In bai waiwayo ba, ka jira kaɗan, ka matso kusa, ka sake. Maimaita "Duna, Duna, Duna" yana mayar da sunan hayaniya a kunnensa. Kuma kada ka taɓa kiran sunan don ka dake shi ko ka yi masa tsawa, bugu ɗaya yana rushe aikin mako guda.

In ya ƙware a tsakar gida, sai uwargida da manyan yara su karɓa, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka sa masa igiya mai tsawon mita 5 ka fita da shi ƙofar gida, inda akwai awaki da 'yan acaɓa. In hankalinsa ya tafi, wurin ya yi masa yawa, ka koma zaure. A hankali ka rage hantar, wani lokaci "yauwa" kaɗai.

Ɗaure shi da sarƙa yini guda a rana yana ƙara masa tsoro da cizo. Ka ba shi inuwa da ruwa a kwanonsa na kansa. In ka ga yana dalalar da yawu, yana cizon duk abin da ya samu, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, ka daina horon, ka rufe shi, ka kira likitan dabbobi nan take.