Hukuncin hasashe kan asirin ƙauyen Kakariko

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ina zaune a Samaru. Akwai wani tsohon wasan kwamfuta da muke bugawa, The Legend of Zelda: Ocarina of Time. A cikinsa akwai ƙauye mai suna Kakariko. A ido ƙauye ne mai zaman lafiya, amma a ƙarƙashin rijiyarsa akwai kurkuku da sarƙoƙi. Mukan zauna a teburin mai shayi mu yi ta hasashe: wa aka azabtar a wurin, da umarnin wa, ko gidan sarautar ƙasar na da hannu. Ni har bidiyo nake yi a kai. Yayana ya ce wannan mugun zato ne da giba da ƙirƙirar ƙarya. Wani abokina kuma ya ce tambarin ido da ke wasan alamar Dujal ce, masu wasan matsafa ne, in faɗi haka zan fi samun masu kallo. Sannan na taɓa sakin bidiyo cewa kiɗan garin Lavender na wasan Pokémon ya kashe yara a Japan. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, tambayarka ta kwana uku a hannuna, domin malamai sun ce yanke hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin, ni kuwa ko hanyar Kakariko ban sani ba. Sai na sa jikana ya kawo kwamfutarsa zaure bayan isha'i, ya ɗora ta a kan tulin littattafai, ya zaga da ni. Na ga kaji, na ga kafintoci suna kai da komo, na ga dogon gini mai farfela da iska ke juyawa, na ga maƙabarta a bayan gari. Ya shigar da ni gidan wani attajiri da aka mayar da shi da 'ya'yansa gizo-gizo saboda haɗama. Daga nan muka gangara rijiya. Ga katako an gicciye da tabon jini, ga sarƙa, ga bangon da ake ratsawa kamar babu shi. Ya nuna mini wurin da suke kira Haikalin Inuwa, inda wasan da kansa yake cewa nan aka tara tarihin ƙasar mai jini, na kwaɗayi da ƙiyayya. Ya kuma ce akwai tsoho a ƙauyen da ke ba da labarin wani mutum mai idon da ke ganin gaskiya, wanda gidansa yake daidai inda rijiyar take yanzu, kuma wasu suna hasashen shi ne dodon nan Bongo Bongo da ya tsero daga rijiyar. Na ce masa to, na gane: masu wasan ne suka bar ƙofa a buɗe da gangan, ku kuma kuke leƙawa.

Hasashe irin wannan halal ne. Asali a cikin al'amuran duniya shi ne halacci sai in dalili ya zo da hani, kuma abubuwa ukun da yayanka ya lissafa babu wanda ya hau kansa.

Giba, Manzon Allah (SAW) ya fassara ta da bakinsa a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Dole ke nan a sami ɗan'uwa, mai mutuncin da za a keta. Sarkin Hyrule, ƙasar da ke cikin wasan, da ƙabilar Sheikah masu yi masa hidima ba su da rai, ba su da zuriyar da za ta ji kunya, ba za su tsaya da kai gaban Allah ranar hisabi ba. Haka zaton da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta ce sashensa zunubi ne, zato ne a kan mutane. Ko ka rantse sarkin nan azzalumi ne, ba ka ci naman kowa ba, rantsuwar dai ce ka ɓata.

Batun ƙarya ya fi buƙatar tsayawa. Ƙarya ita ce ka ba da labari saɓanin yadda abu yake, mai sauraro yana ɗauka gaske ne. Inda mai faɗa da mai ji duk sun san ƙirƙira ce, an fita daga wannan babi. Mu a nan Birnin Zariya mun durƙusa a zaure mun karanta Muƙamar Hariri, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira. Muƙama hamsin, duk a kan Abu Zaidu Assaruji, tsoho mai wayo da yaudara, da mai ba da labarinsa Harisu ɗan Hammamu. Ƙirƙirar marubucin ce, kuma malamanmu masu tsantseni suna karantar da ita suna murmushi, ba su taɓa cewa muna gibar Abu Zaidu ba. Wasu malamai sun kafa hujja da ƙissar masu husuma biyu da suka haura wa Annabi Dawuda (AS) a Suratu Sad, mai tumaki 99 da mai tunkiya ɗaya, domin da yawa daga masu tafsiri sun ce mala'iku ne suka zo da misali. Kakanninmu ma sun san wannan fiƙihun ba tare da sun buɗe littafi ba. Tsohuwa takan fara da "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ta sa wa labarinta alama gaba da baya, yaro ya san inda tatsuniya ta fara da inda ta ƙare.

Wannan alamar nake so ka riƙe a bidiyonka. Abin da wasan ya faɗa, ka ce wasan ya faɗa. Abin da kai ka haɗa, ka ce a ganina. Da zarar ka ce "kamfanin ya tabbatar" alhali bai tabbatar ba, ka bar Kakariko, ka shiga jingina wa rayayyun mutane maganar da ba su yi ba.

Nan ne shawarar abokinka ta faɗi. Nintendo kamfani ne na gaske a birnin Kyoto, ya fitar da wasan a 1998, kuma mutanen da suka yi aikin, irin su Shigeru Miyamoto, 'yan Adam ne masu suna da iyali. Ka ce musu matsafa ko masu yi wa Dujal hidima saboda zanen ido mai ɗigon hawaye, wannan ƙage ne, haramun ne, kuma kasancewarsu ba Musulmi ba bai halatta shi ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Dujal mutum ne da zai bayyana, hadisai sun siffanta shi da shafaffen ido ɗaya, ba su ce duk zanen ido tambarinsa ba ne, in ba haka ba da allon asibitin ido ma ya shiga uku. Mafi muni kuma shi ne dalilin da abokin naka ya bayar, wai don a sami masu kallo. Wato shi ma bai damu ko gaskiya ce ba.

In abin da ya shafi addininmu kake nema a wasan, akwai wanda ya tabbata. Bugun farko ya zo da sauti mai kama da zikirin Musulmi a cikin kiɗan Haikalin Wuta, da kuma tambarin jinjirin wata da tauraro a jikin wata garkuwa da wasu wurare. Daga baya kamfanin ya cire sautin, ya sauya tambarin. Wannan ka iya faɗa, ka ce bai dace a sa ambaton Allah a kiɗan wasa ba, domin gaskiya ce. Amma ka tsaya inda labarin ya tsaya: an saka, an cire. Zuciyar wanda ya saka ba ka tsaga ta ba.

Bidiyon Lavender kuwa, ɗana, ka yi kuskure. Garin yana cikin wasan Pokémon na farko da ya fito a Japan a 1996, yana da hasumiyar kaburbura da kiɗa mai sa tsikar jiki tashi, iyakarsa ke nan. Labarin mutuwar yara ƙirƙirarre ne da aka yaɗa a intanet shekaru da yawa bayan haka. Abin da ya faru da gaske daban ne: ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin katun na Pokémon a talabijin ya nuna walƙiyar haske ja da shuɗi, aka kwashi mutane fiye da 600, galibinsu yara, zuwa asibiti. An ɗauko ɗan gaskiyar nan aka yi wa ƙarya ado da ita. Na san za ka ce ji ka yi, ba kai ka ƙirƙira ba. To Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Kuma a hadisin mafarki na Samura ɗan Jundub da ke Bukhari, mutumin da ake yage wa baki har ƙeya shi ne wanda yake fita daga gida ya yi ƙarya ta kai ko'ina a duniya. A da sai an yi tafiyar raƙumi kafin ƙarya ta kai nesa, kai da yatsa ɗaya ka tura. Ka goge shi, ka yi wani a wurin da ka saki na farko ka bayyana cewa ba gaskiya ba ne, domin aya ta 160 ta Baƙara ta haɗa tuba da gyarawa da bayyanawa.

Akwai abin da ya fi damuna, ko da yake ba ka tambaye shi ba. Shekarun baya a unguwarmu wani yaro ya kwanta, zazzaɓi ya yi zafi yana sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Kafin la'asar an gama haɗa mata hujjoji: ba ta fita biki, ƙofarta kullum a rufe, an ga baƙar mage a katangarta, mijinta da 'ya'yanta biyu sun riga ta. Aka ce mayya ce, ta kama kurwarsa. Yara suka yi wa gidan ruwan duwatsu, ni da wasu dattawa muka tsaya a bakin ƙofa har dare. Da aka kai yaron asibiti, zazzaɓin cizon sauro ne, ya warke. Tsohuwar ba ta sake zama lafiya a unguwar ba har ta bar ta. Haɗa ƙananan alamu a fitar da babban asiri, a Kakariko nishaɗi ne, saboda wani ya zauna ya dasa alamun don a gano su. A Tudun Wada ko Sabon Gari babu wanda ya dasa komai, mutane ne kawai da larurorinsu. Ranar da ka ji kanka kana yi wa gidan maƙwabci irin wannan lissafi, ayar zato ta Suratul Hujurat ta hau kanka sosai.

Ka kuma kula da ƙanana. Ƙanwar jikan nawa ta leƙo daga bayan labule muna cikin rijiyar nan, daren ranar sai da aka raka ta bayan gida. Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba, kuma sababin hadisin wasa ne, igiyar mai barci aka ɗauke. Wasan yana kuma da labarin wasu alloli mata uku da wai suka halicci duniyarsa. Mai hikaito kafirci ba kafiri ba ne, kai baligi ka san tatsuniya ce, amma yaron da bai gama sanin tauhidi ba kada a bar shi da ita shi kaɗai.

Shi kansa wasan, littafin Risala ya hana nardu da shaɗaranji, wato wasan jefa ɗan lido da wasan chess, kuma malaman zamani sun saɓa kan ko wasannin kwamfuta suna bin hukuncinsu. Abin da nake tafiya a kai shi ne halacci matuƙar babu caca, babu tsiraici, bai ci lokacin salla ko na karatunka ba. Batun sarewa da kiɗan da ke cikinsa mas'ala ce mai zaman kanta, ka rubuto daban in kana so.

Ka kai wa yayanka wannan amsa da ladabi, kada ka shiga masa da "ai Malam ya ce ni ke da gaskiya", domin a bidiyon Lavender shi ke da ita. Allah Shi ne Mafi sani.