Tambaya da Amsa: Bindigar Kaka da Aka Tarar a Tawa

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Bayan rasuwar mahaifinmu muna gyaran ɗakinsa a gidanmu na Tawa, sai muka tarar da bindigar kakanmu a bayan akwati, naɗe cikin fatar akuya. Ba irin ta toka ba ce da maharba ke ɗurawa ta baki. Tana da ƙarfe mai zobe a ƙasa, in an ja shi sai kunamar ta ɗanu. A kan bututun na karanta "New Haven", a ƙasanta kuma akwai guntun tagulla mai lamba 44. Duk ta yi ja da tsatsa. Wani maƙeri ya ce in ba shi jika biyar ya bi ta da samfefa ta koma fes, abokina kuma ya ce zai samo mini harsashi 44 mu gwada ta a daji. Wace iri ce, kuma za ta harbu? — Wani mai karatu, Tawa

AMSA: Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, daina wasa da zoben nan a cikin ɗaki. Siririn bututun da ke ƙarƙashin babban, nan ne ma'ajin harsashi, kuma tsohon harsashi kan maƙale a ciki shekara da shekaru, wata rana ya sakko. Ka fita da ita bayan gida, ba yaro kusa, ka nufi tsibin rairayi da bakinta, yatsanka nesa da kunama, ka ja zoben a hankali sau da yawa har ka tabbata ba komai. In ya cije, kada ka tilasta shi.

Yadda ka kwatanta ta, na fi zaton Winchester ce ƙirar 1873. New Haven gari ne a jihar Konetikat ta Amurka, can masana'antar take a lokacin. Tagullar nan ita ce ke ɗauko harsashi daga ma'aji ta miƙa shi bakin ɗakin wuta, wato gindin bututun inda harsashi ke zama kafin a harba. Da ƙirar 1866 ce, da dukan cikinta rawaya ne. Ƙirar 1892 da 1894, waɗanda John Browning ya zana, ba su da wannan tagulla a ƙasa. Ka duba gefenta biyu, za ka ga faranti na ƙarfe da kusa ɗaya ta riƙe, a sama kuma ɗan murfi mai zamewa na tare ƙura. Sunan ƙirar yana kan ƙarfen da ya shiga cikin katako bayan kunama, lambar bindigar kuma tana ƙasa, inda zoben ke kwanciya. Ka auna bututun: in ya kai wajen santimita 61, doguwar ce mai cin harsashi 15; in wajen 51 ne, da ɗan zobe a hagu na ratayawa a sirdi, ta mahaya ce mai cin 12. An ƙera irinta wajen 720,000 cikin shekara kusan hamsin, kuma gidan tarihin bindigogi na garin Kodi, a jihar Wayomin, yana riƙe da kundin masana'antar. Da lambar nan sukan iya gaya maka ranar da aka fitar da ita daga shagon kamfanin.

Shi ya sa maganar samfefa ta tayar mini da hankali. Ina saurayi a nan Yamai, kawuna ya ba ni tsohuwar bindigarsa in kai a tsabtace. Na kai wa wani mai walda, ya ɗora ta a injin wasa ƙarfe. Ta dawo fara sol tana walƙiya, ni kuwa ina murna. Kawu ya juya ta, ya nemi rubutun da ke kan bututun, babu. Lambar ma rabinta ta tafi. Bai yi mini faɗa ba, ya dai jingine ta a bango ya yi shiru, kuma har yau shirun nan yana damuna. Damina ɗaya ta isa ta mayar da ita ja fiye da da, don an kware mata fatar da ke kare ta. Launin ƙasa-ƙasan nan mai santsi da kake gani a ƙarfen, ka bar shi. Abin cirewa shi ne tsatsa mai ƙaiƙayi, wadda ke barin ja a yatsa.

Aikin na haƙuri ne. Ka shafa mata man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, ka goge da tsumma mai kauri. Inda tsatsar ta taru, ka kankare a hankali da guntun jan ƙarfe, ya fi ƙarfen bindiga taushi, ba zai ji mata ciwo ba. Ka maimaita har mako biyu in ta kama. Kusoshin kada ka taɓa su sai da abin kwancewa da ya cika tsagar daidai. Katakon kuwa, kada ka sa masa baƙin man mota, ruɓar da shi yake yi, kada kuma fenti. Ka goge ƙura, ka duba ko gara ta shiga ko hunturu ya tsaga shi a wuya. Fatar akuyar ma ka cire, tana riƙe laima.

Harbi fa, shawarata a'a ce. An yi bindigar nan ne don baƙin albarushi, kuma makullin cikinta gaɓoɓi ne biyu masu naɗewa kamar gwiwa. In sun ci, suna iya saki, fuskarka kuma tana bayansu. Harsashinta shi ne 44-40. Akwai wani 44 na zamani da ake kira Magnum, ƙarfinsa ya ninka nata nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ce maka "44 ne" bai gaya maka komai ba. Ko harsashin da ya dace, dole kansa ya zama mai faɗi, don a ma'aji suna jere ne kan wannan a gindin wancan, mai tsini yana iya tayar da na gabansa. Sannan baƙin albarushi yana cin bututu in ba a wanke da ruwan zafi a ranar ba, kuma ba mu san wanda ya yi harbin ƙarshe da ita ba, balle ko ya wanke. Sai gwanin gyaran bindiga na hukuma ya leƙa cikinta da fitila, ya auna ɗakin wuta, kafin a yi zancen gwaji.

Harsashin abokinka ma, ka ce masa ya bari. A Nijar riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, gado ba ya ɗauke maka wannan, farauta kuma tana da tata takardar daga jami'an gandun daji. Ka san halin da ake ciki a yankinku. Saurayi da bindiga a daji ba wanda zai tsaya tambayarsa shekarunta. Kada ka sa ta a mota zuwa Yamai. Ka ɗauki hotonta da na lambar, ka tafi da babban yayanku da mai unguwa wurin jandarmomi, ku bayyana cewa gado ce, ku bi abin da suka ce.

In akwai tsohuwa a gidan da ta san kakanku, ka zauna da ita tun yau ka tambaye ta inda ya samo bindigar. Ka aiko mini da lambar da abin da ta faɗa.