Kano Zuwa Jidda: Awa Biyar Ne Ko Bakwai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyata za ta tafi Umara, tana da ciwon suga, allurar insulin take yi. Ejan ya ce tafiyar awa biyar ce, amma a tikiti na ga jirgi zai tashi Kano ƙarfe 2 na rana ya sauka Jidda ƙarfe 9 na dare. Wanne zan ɗauka? Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Duka biyun daidai ne. Lokacin tashi da agogon Najeriya ake rubuta shi, na sauka kuma da agogon Saudiyya, wanda ke gaban namu da awa 2. Daga ƙarfe 2 zuwa ƙarfe 9 awa bakwai ke nan; cire biyun nan, saura biyar. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, ta sararin Chadi da Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama ke kauce wa sararinta, don haka in an ɗan ɗara biyar kada ka yi mamaki.

Amma ni ba wannan lissafin ke tayar mini da hankali ba, kalmar "ai awa biyar ce kawai" ce. Kullum sai na ji ta, kuma ita ke sa a tura maganin tsohuwa cikin babban akwati, a auna, ya wuce ƙarƙashin jirgi. Awa biyar ɗin na sama ne kaɗai. Za ta isa filin jirgi awa uku kafin tashi, in ma an tashi a kan lokaci ke nan. A Jidda ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, ga mota zuwa Makka. Daga ƙofar gida zuwa masauki ka ƙaddara awa goma sha biyu, ko fiye. In kuwa tikitin mai yada zango ne a Alƙahira ko Addis Ababa, wanda wasu ejan ba sa faɗa sai kuɗi ya shiga hannunsu, to kwana ake magana. Akwati yana iya ƙin zuwa tare da mai shi, kuma sanyin wurin kaya yana iya lalata insulin.

Sai ɗaya ɗabi'ar da ta ishe ni: tsofaffi su daina shan ruwa tun jajibere don gudun shiga banɗakin jirgi, 'ya'yansu kuma na yaba musu dabara. Wace dabara? Iskar cikin jirgi a bushe take, ga zama wuri ɗaya na awanni, abin da ke iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Mai ciwon suga ba ta da wannan sararin. Banɗakin nan don fasinja aka yi shi, ma'aikaciyar jirgi za ta nuna mata yadda ake buɗewa da rufewa.

Insulin da allurai da na'urar gwajin suga, da ɗan dabino saboda faɗuwar suga, duk su shiga jakar hannunta tare da takardar likita. Ku je wurin likitan nata kafin tafiya ya tsara mata lokutan allura bisa bambancin awa biyun nan. Ka kuma sa ejan ya nema mata kujerar bakin hanya da keken tura marasa ƙarfi tun yanzu, kada a bari sai ranar tafiya.