Hukuncin Mace Ta Shiga Gasar Masu Murɗaɗɗen Jiki, da Maganar Jinin da Ya Ɗauke

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni 'yar shekara 31 ce, ina zaune a Kaduna, 'ya'yana uku. Bayan haihuwata ta uku na yi ƙiba sosai, har maigidana ya riƙa yi mini gori a gaban ƙannensa. Shekara biyu ke nan ina zuwa ɗakin motsa jiki a lokacin da aka ware wa mata, ina ɗaga ƙarfe kwana biyar a mako, kocinmu ma mace ce. Na sauke kilo 24, ciwon bayan da ya dame ni ya tafi. Duk da haka ya sake ni saki ɗaya wata bakwai da suka wuce. Tun daga nan na ƙara ƙaimi. Kocina ta ce jikina ya kai in shiga gasar masu murɗaɗɗen jiki da za a yi a Legas, ta tsara mini abinci, ta ba ni wata ƙwaya, Anavar, ta ce ta mata ce, ba ta da illa. Na rame sosai, al'adata ma sau biyu na gani bayan sakin sai ta ɗauke, amma ta ce haka ake yi. Gwaggona ta ce ta ji wani malami ya ce duk macen da ke ɗaga ƙarfe tsinanniya ce don tana koyi da maza. Shin haka ne? Kuma ya halatta in shiga gasar idan na rufe jikina, kamar yadda wata 'yar Indiya ta yi da hijabinta? Wallahi Malam, so nake in nuna wa mutumin nan cewa ni ba abar yarwa ba ce.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a.

'Yata, tambaya biyu kika yi, amma abin da ya tsayar da ni a saƙonki magana ce da kika jefa a tsakiya kamar ba komai ba: jini biyu kika gani bayan saki, sai ya ɗauke. To ki sani iddarki ba ta cika ba. Idan a cikin tsarki ya sake ki, idda tana ƙarewa ne da ganin jini na uku, ke kuwa ba ki gan shi ba. Sayyidina Umar ya yanke hukunci a kan irin wannan, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa: matar da aka saki ta yi haila ɗaya ko biyu sannan jinin ya ɗauke, za ta jira wata tara, in ciki ya bayyana shi ke nan, in bai bayyana ba ta ƙara wata uku, sannan ta halatta. Shekara guda ke nan, ana ƙirgawa daga lokacin da kika yi tsarki daga jinin ƙarshe. Malamanmu na Malikiyya sun sa wadda rashin lafiya ya ɗauke wa jini a cikin wannan hukunci, kuma a ganina nan kika faɗa. In jinin ya dawo kafin shekarar ta cika, jini na sosai wanda ya ɗauki wuni ko wani yanki mai tsawo na wuni, ba ɗigo ba, iddar ta ƙare a take.

Tunda saki ɗaya ne, har yau igiyarsa na kanki. Ci da sha da wurin kwana suna wuyansa, yana iya yin kome ba sai da sabon sadaki ba, akwai gado a tsakaninku, kuma babu maganar zawarci. Na san al'adarmu ta tattara kaya a tafi gida ranar da aka miƙa takarda, amma mai idda a ɗakinta take kwana. Fita da rana don buƙata babu laifi. Tafiya Legas a kwana a otal don gasa ba ta cikin abin da aka yi mata rangwame a kai. Ki sanar da waliyyinki wannan magana yau ɗin nan, ku kai ta gaban alƙali ko malamin da kuka amince da shi, ku ba shi kwanakin daki-daki. Nakan ji tsoro ƙwarai idan na tuna yawan auren da ake ɗaurawa bayan "wata uku" ba tare da an tambayi matar jini nawa ta gani ba.

Me ya ɗauke jinin? Kafin komai ki yi awon ciki, domin wata taran da Umar ya sa don ciki ne, kuma ƙwayar da kike sha tana cutar da ɗan tayi. In ba ciki ba ne, to yunwa ce da ƙwayar. Jikin mace idan abin da yake ƙonawa ya daɗe yana fin abin da yake samu, yakan rufe ƙofar haihuwa, ƙashi kuma ya riƙa rauni a ɓoye. Likitoci suna ɗaukar ɗaukewar al'ada wata uku a jere a matsayin abin bincike, ke kin yi kusan biyar. "Haka ake yi" gaskiya ne, haka yake faruwa ga da yawa daga masu shirin hawa dandamali. Yawan masu ciwo bai mai da ciwo lafiya ba.

Ita kuwa Anavar, jinsin sinadarin mazantaka ce da aka sarrafa. An yi ta ne don marasa lafiyar da tsokarsu ta zube, irin waɗanda suka yi mummunar ƙuna, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewarta da ita. Ga mace takan sa murya ta yi kauri, sau da yawa ba ta komawa yadda take, gashi ya fito a haɓa, na kai ya zube, ta taɓa hanta, ta canza halittar gabanta. Wadda ake sayarwa a bayan fage ma ba ki da tabbacin abin da ke cikinta. A tsohuwar Jamus ta Gabas an yi shekaru ana ba 'yan mata 'yan wasa irin waɗannan ƙwayoyi ana ce musu bitamin ne, sai a shekarar 2000 kotu a Balin ta kama manyan jami'an da suka tsara abin da laifi. Kuma ki sani ƙwaya ɗaya ba ta zuwa ita kaɗai. Idan gasa ta matso wasu sukan ƙara da maganin fitsari don ruwan jiki ya tsane, jijiya ta fito. Shi ne ake cewa ya yi sanadin mutuwar wani ɗan gasar murɗaɗɗen jiki, Mohammed Benaziza, a Holan a 1992, jim kaɗan bayan ya ci gasa. Shan wannan ƙwaya ba da umarnin likita ba haramun ne, saboda cutarwa da kuma canza halitta. Ki ajiye ta, ki ɗauki kwalin ki kai wa likitar mata a cikin makon nan, ki gaya mata yawan da kika sha da tsawon lokacin, kada ki ɓoye komai.

Gasar kanta ba ta buƙatar dogon bayani. Ana hawa dandamali da rigar mama da ɗan kamfai, a shafe jiki da launi da mai, a juya gaba a juya baya alƙalai suna ba da maki, kyamarori suna ɗauka. Babu saɓani a haramcinsa. Ko mata zalla ne a ɗakin, al'aurar mace a gaban 'yan'uwanta mata daga cibiya ne zuwa gwiwa, kuma hoto ba ya zama a ɗaki. 'Yar Indiyan da kike nufi Majiziya Bhanu ce, wadda ta shiga gasa a jihar Kerala a 2018 da hijabinta. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarta, amma wannan gasa ce da ake auna surar jiki, don haka dole tufar ta ɗame har ta siffanta abin da ake aunawa, in ba haka ba me alƙali zai gani? Rufe fata a bar sura a fili a gaban maza bai fitar da mutum ba.

Saura maganar da Gwaggo ta kawo miki, wadda na sha ji a wa'azi, kuma ban yarda da ita ba. Hadisin tsinuwa ga mata masu kamanceceniya da maza ingantacce ne, yana cikin Buhari daga Ibnu Abbas. Tambayar ita ce, wace kamanceceniya? Hafiz Ibnu Hajar a Fathul Bari ya kawo fassarar Ɗabari cewa ana nufin tufafi da adon da suka keɓanci jinsi ɗaya. Ya kuma kawo maganar Ibnu Abi Jamra cewa ko da yake zahirin lafazin ya game komai, sauran dalilai sun nuna abin nufi shi ne shiga da wasu siffofi da motsi, ba ayyukan alheri ba. Ƙarfin jiki kuwa ba tufa ba ne, kuma Allah bai keɓe wa maza shi ba. Asma'u 'yar Abubakar tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonar Zubairu mai nisan kashi biyu cikin uku na farsakhi, wato kamar mil biyu, ta ba doki abinci, ta jawo ruwa. Anas ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim ranar Uhudu suna ɗaukar salkunan ruwa a bayansu da sauri, su shayar da mutane su koma su ciko. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da A'isha ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Gudu a wancan zamani da wa aka san shi in ba maza ba? Bai ce mata ta yi koyi da su ba.

Mu dawo gida. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana surfa gero tiya uku kafin hantsi, ta sauke taɓarya ta ɗauki tulu zuwa rijiya, damtsenta kamar na maƙeri. Ba wanda ya taɓa cewa ta fita daga mata. Injin niƙa da famfo suka karɓe wannan aiki, muka samu mata 'yan shekara talatin da ciwon suga da hawan jini da gwiwar da ba ta iya sujada. Wadda ta ɗaga ƙarfe mai kilo 20 a ɗakin da babu namiji, me ya raba ta da mai ɗaga taɓarya in ba sunan abin ba? Masu wannan ra'ayi sukan ce ai al'ada ta san ƙarfe da maza. To abin da aka gina a kan al'ada yana canzawa da ita, Ibnu Hajar da kansa ya faɗi haka game da tufafi, cewa ya danganta da al'adar kowane gari. Sukan kuma ce ƙarfe yana mai da jikin mace na namiji. Wannan rashin sanin abin ne: sinadarin mazantaka a jikin mace ɗan kaɗan ne in an kwatanta da na namiji, shi ya sa duk ɗaga ƙarfenta ba ta yin kwanjin maza sai ta sha abin da kocinki ta ba ki. Kin ga inda kamanceceniyar gaskiya take, a cikin kwalin ƙwayar. Tsine wa musulma a kan mumbari da fahimtar da manyan masu sharhin hadisin ba su tafi a kai ba, ganganci ne, kuma ya sa mata da yawa sun bar abin da likita ya umarce su. Motsa jikinki halal ne matuƙar mata ne zalla, kin suturta, babu mai ɗaukar hoto, bai ci lokacin salla ko haƙƙin yara ba. Ki gaya wa Gwaggo haka cikin ladabi, don tsoron Allah ne ya sa ta yi magana.

In zuciyarki na son gwada ƙarfi da wasu bayan idda, akwai gasar ɗaga nauyi, inda kilo ake ƙirgawa ba sura ba. Tun 2011 hukumar wasan ta duniya ta yarda a shiga da tufa mai rufe jiki duka, kuma Sara Ahmed ta Masar ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016 kanta a rufe. Wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake ni ba zan ce miki ki je ba sai inda mata ne ke kallo. Ki kuma duba kyautar: in daga kuɗin rajistar 'yan gasa aka tara ta, caca ce.

Jumlarki ta ƙarshe ita ta fi taɓa ni. Gorin da ya yi miki a gaban ƙannensa zalunci ne, jikin da ya raina shi ya haifa masa 'ya'ya uku, kuma zai amsa tambaya a kai. Amma duba, 'yata: kin sauke kilo 24 yana kallo, bai hana shi rubuta takarda ba. Ashe ba ƙibar ba ce. Yanzu kina kwana da yunwa, kina shan abin da zai iya canza miki murya har abada, don mutumin da wataƙila ko hoton ba zai buɗe ba, kuma abin da kike yi don ki rabu da shi a zuci shi ne ya tsawaita zamanki a ƙarƙashin igiyarsa. Garin neman gira kada a rasa ido. Ki koma cin abinci kamar mutane, tuwo da miya da nama da mai, ki rage kwanakin ƙarfe zuwa uku har jinin ya dawo. Kocin da ta ba ki ƙwaya ta ce ba ta da illa, ko ba ta sani ba ko ta sani ta ɓoye. Ko wanne ne, ki nemi wata. Kuma ki rubuta ranar da kika ga jinin ƙarshe da ranar da ya ɗauke a takarda tun ba ki manta ba, alƙali da likita duk za su tambaye ki.

Wallahu a'alam.