Amsa ga Malam kan ɗalibanmu masu haɗa gem ɗin waya a aji

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Saƙonku ya iso. Kun ce labari ya zo muku wai a jami'o'in nan inda muke zaune, ɗalibin kimiyyar kwamfuta kan kwashe zangon karatu guda yana haɗa gem ɗin waya, har a ba shi maki a kai, kuna tambaya ko karatu ne wannan ko kuwa an mayar da aji dandali. Labarin gaskiya ne, ni ma haka nake koyarwa. Iyaye daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna nan sun sha tare ni da wannan tambayar, domin uba ya leƙa ɗaki ya tarar da ɗansa riƙe da waya yana ta latse-latse, yaron kuma ya ce aikin makaranta yake yi. Yawancinsu hankalinsu kan kwanta idan aka nuna musu abin da ke bayan fuskar wayar.

Matsalar mai fara koyon rubutun manhaja ita ce ba ya ganin kuskurensa. A ce masa ya rubuta abin da zai tara lambobi, kwamfuta ta fito da 47 a maimakon 48, shi ko a jikinsa, sai malami ya ja masa jan biro. A gem kuwa, idan ya kuskure sharaɗi ɗaya, ƙwallo za ta ratsa bango ta wuce yana kallo. Gani ya kori ji. Babu wanda zai ce masa ya koma ya duba, shi da kansa zai hana idonsa barci sai ya gano inda ta ɓaci.

Tunanin ya daɗe. Seymour Papert na jami'ar MIT a Amurka da abokan aikinsa sun fito da harshen rubutun manhaja mai suna Logo a 1967, wanda ya shahara da ɗan kunkurun da yaro ke ba umarni yana zana layi. Daga wannan zuriyar Scratch, harshen koya wa yara rubutun manhaja, ya fito a 2007, sai App Inventor da Google ta saki a 2010 kafin ya koma hannun MIT, inda ake haɗa manhajar Android ta hanyar jera tubalan umarni. Jami'ar Harvard ma ta yi kwas na haɗa gem a cikin jerin darussanta na CS50, ana farawa da harshen Lua a ƙare da injin haɗa gem na Unity.

Ku ɗauki gem ɗin macijin nan na tsofaffin wayoyin Nokia, wanda ya fara fitowa a 1997. Da shi nake yawan farawa, don kowa na raina shi sai ya zo rubutawa. Jikin macijin jeri ne na gurabe. A kowane taku ana ƙara gurbi ɗaya a kai, a cire ɗaya a wutsiya, sai ido ya ga kamar yana tafiya. Idan ya ci abinci sai a bar wutsiyar, shi ne tsawon da yake ƙarawa. Kafin a san ko ya sari kansa, dole a bi gaɓoɓin jikin ɗaya bayan ɗaya ana gwada su da kan, wato ɗalibi ya shiga darasin zagaye (sa kwamfuta ta maimaita umarni ɗaya sau da yawa) ke nan ba tare da an sanar da shi ba. Abincin kuma dole ya faɗo a wurin da ba a zata ba, amma kada ya faɗo a kan jikin macijin. Akwai kuma tarkon da kusan kowa ke faɗawa: maciji na tafiya dama, mai wasa ya latsa sama ya latsa hagu da sauri kafin taku na gaba, sai macijin ya juya cikin jikinsa ya mutu. Ɗalibin da ya warware wannan da kansa ya san bambancin lokacin da umarni ya shigo da lokacin da aka aiwatar da shi, kuma zai sake cin karo da wannan a manhajar banki ko ta asibiti.

To me ya sa sai waya? Saboda waya ba ta da kawaici. Gem yakan sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, wato duk lissafin da za a yi sai ya ƙare cikin kashi ɗaya bisa sittin na daƙiƙa, in ba haka ba hoto ya riƙa sarƙewa. Ɗalibi zai rubuta cewa mota ta matsa ɗigo biyar a kowane hoto, ta yi daidai a wayarsa, ya sa a wayar abokinsa mai sabunta hoto sau 120, sai motar ta ninka gudu. Nan ne yake komawa ga lissafin sakandare, nisa daidai yake da gudu sau lokaci, ya gyara. Kira na iya shigowa ana tsakiyar wasa, Android ta ture gem ɗin gefe, wani lokacin ma ta kashe shi don ta sami wuri a ƙwaƙwalwa, wanda bai adana matsayin wasan ba sai ya dawo ya tarar babu komai. Ga zafin waya, ga cin caji, ga fuskoki manya da ƙanana. Sannan aikin yana aljihunsa. Zai miƙa wa ƙanensa, yaron ya latsa inda ba a taɓa tunani ba, gem ɗin ya tsaya cak. Wannan gwajin ya fi duk wanda zan shirya masa.

Damuwarku tana da tushe a wuri guda, kuma a nan muke tsanantawa. Injinan haɗa gem irin su Unity, mai aiki da harshen C#, suna yi wa mutum kusan komai: nauyi, karo, sauti, motsi. Yaro na iya bin bidiyon YouTube taku-taku, ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa, ya kawo abu mai ƙyalli alhali bai san layi ɗaya a ciki ba. Shi ya sa a makonnin farko nake hana taɓa kayan injin. Kai za ka rubuta lissafin da zai gane ko akwati biyu sun haɗu. Muna sa su aiki rukuni-rukuni, mutum uku ko huɗu, su ajiye komai a Git, ma'adanar rubutun manhaja inda ake ganin wanda ya rubuta me da ranar da ya rubuta. Ranar bayar da maki kuma kowa zai zauna gaban malami shi kaɗai, a ce masa, to yanzu ka sa macijin ya riƙa ɓullowa ta hagu idan ya fita ta dama. Wanda ya yi aikinsa minti kaɗan ya ishe shi. Kyan zane ba ya kawo maki mai yawa.

Kuma gem ba ya ɗauke dukkan karatu. Rumbun bayanai, hanyoyin sadarwa, tsarin sarrafa kwamfuta da lissafin da ke ƙarƙashinsu duk suna nan da kwasa-kwasansu da jarrabawarsu ta takarda. Kaɗan ne daga ɗaliban za su yi sana'ar gem, mu ma ba don ita muke horar da su ba. Akwai kuma waɗanda gem bai dame su ba sam, ni nakan bar irinsu su haɗa wasan tambaya da amsa ko na jera kalmomi, tunda dabarun ciki duk ɗaya ne.

Kun tambaya ko sai da manyan na'urori. A'a, Malam. Godot, wani injin haɗa gem da aka saki kyauta a 2014, ƙaramin fayil ne da ake kwafa a filas, yana tashi a laftof mai matsakaicin ƙarfi, ba ya neman intanet bayan an sauke shi, harshensa kuma ya yi kama da harshen Python, har akwai nau'insa da ke aiki a kan wayar Android kanta. Ku fara da Android, domin ana tura gem cikin waya kai tsaye ta kebul, alhali iPhone sai da kwamfutar Mac. Idan za ku gwada, ba sai kun jira an canza tsarin karatu ba. Ku ɗauki aikin gida ɗaya daga kwas ɗin da kuke koyarwa yanzu ku mayar da shi maciji, ku hana su gem mai zurfin hoto irin na 3D a shekarar farko ko da sun roƙa, kuma ku ware lokacin zama da kowane ɗalibi ya canza doka ɗaya a gabanku.

A gaishe da iyali da sauran malamai. Wassalam.