Folda ɗaya, kwamfuta biyu: me ke birkita mini saiti?

Tambaya: Ina da kwamfuta biyu masu Linux, dukkansu suna ɗauko foldar /home ɗina daga uwar garke ta hanyar NFS. Da zarar na gyara saiti a ɗaya sai ɗayar ta birkice, wani lokaci ma Firefox ya ƙi buɗewa, wai a buɗe yake. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malam, laifin ba na NFS ba ne. Tun 1984 da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi, aikinsa ke nan: ya nuna wa kwamfutoci da yawa folda ɗaya. Matsalar ita ce yawancin manhajoji suna ɗauka cewa su kaɗai ne a gidan.

Ɗauki Firefox. Idan ya tashi, yakan ajiye fayilolin kulle, `lock` da `.parentlock`, a cikin bayananka, don kada wani ya shigo masa. Ɗayar kwamfutar ta zo ta tarar da kulle, sai ta ja da baya. Kada ka yi saurin goge su alhali yana aiki a can: tarihin shafukanka yana cikin rumbun SQLite, kuma hannu biyu suna rubutu cikinsa lokaci guda, lalacewa ce. Buɗe shi da `firefox -P` ka ware wa kowace kwamfuta foldar bayananta ta Firefox (profile).

Na biyu, kuma shi ya fi cizo a ɓoye, bambancin siga. Sabuwar manhaja takan sauya tsarin fayil ɗin saiti, tsohuwar da ke ɗaya kwamfutar ta kasa karantawa. Haka GNOME, manhajar fuskar kwamfuta (desktop), ke ajiye tsarin allo a `~/.config/monitors.xml`, alhali allunan ba iri ɗaya ba ne.

Abin da nake yi shi ne raba saitinka da na kwamfuta. A cikin `~/.profile` sa:

`export XDG_CONFIG_HOME="$HOME/.config-$(hostname)"`

Sai kowace kwamfuta ta samu foldar saiti mai ɗauke da sunanta. Ka tabbata layin yana aiki kafin fuskar kwamfuta (desktop) ta buɗe, in ba haka ba wasu manhajojin ba za su gan shi ba. `XDG_CACHE_HOME` kuwa, wato wurin ajiye fayilolin wucin gadi, ka mayar da shi kan faifan kwamfutar kanta. Ba dalilin da zai sa tarkacen wucin gadi ya riƙa zirga-zirga tsakanin kwamfutar da uwar garke. Tarihin bash ma ka ware shi da `HISTFILE=~/.bash_history.$(hostname)`.

Saitin da kake so ya bi ka ko'ina, kamar na git ko vim, ka bar shi wuri guda ka haɗa da `ln -s`, umarnin da ke yin mahaɗi zuwa fayil. Wasu tsoffin manhajoji ba ruwansu da XDG, wato ƙa'idar wuraren ajiye saiti, kai tsaye suke zuba fayilolinsu a tsakar folda, waɗannan sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma duba `id -u`, mai nuna lambar asusunka, a duka kwamfutocin biyu. In lambobin sun saɓa, ɗaya za ta ga fayilolinka a matsayin na wani.