Littafin Baba Ya Tsinke, In Sa Salatif?

Tambaya: Malam, littafin fiƙihun mahaifina ya yage, shafuka sai zubewa suke. In liƙe da salatif? Daga wani mai karatu, Fagge.

Amsa: Kul! Salatif yakan yi ja, ya bar tabon da ba ya fita. Maimakon haka, ka dama sitacin alkama cokali 1 a ruwa cokali 5, ka dafa kana juyawa har ya yi kauri kamar koko, ya huce. Shafa kaɗan a siririyar takarda, ka rufe yagar. In ya yi yawa shafin zai tattare. Sa leda a tsakanin shafukan, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Kada ka sa garin fulawa a madadin sitaci, kyankyaso yake kira. Ɗinkin bayan littafin kuwa, sai ka zauna wurin mai sana'ar, hannu ke koyonsa.